Mas'alar Ƙwayoyin Hanji da Ciwon Dajin Dubura a Ƙasar Birnin Gwari

Tun da Allah ya kawo sauƙi a ƙasar Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla a ƙarshen shekarar 2024, kasuwar kara ta sake ci, motocin hatsi suka koma bin hanyar Kaduna da ta Funtuwa da rana tsaka, cikin waɗanda suka dawo tare da dillalai da masu awo har da masu maganin nan da ke ɗaura lasifika a kan mota, su shimfiɗa tabarma su jera kwalabe da ƙulle-ƙullen gari, suna rattaba sunayen cututtukan da mutum ke jin nauyin ambatawa a gaban surukinsa. Sana'a ce tsohuwa, kowa ya saba da ita. Abin da ya zama sabo shi ne wata magana da ta shiga bakin wasunsu, ta kuma shiga wayoyin samari ta WhatsApp da Facebook, cewa wai Turawa da kansu sun yi bincike sun tabbatar ciwon dajin hanji da na dubura ba komai ba ne illa ƙwayoyin cuta da suka taru a ciki, saboda haka duk wanda ya wanke cikinsa da jiƙo, ko ya lizimci kindirmo safe da yamma, ko ya sha Flagyl na mako biyu, ya kuɓuta daga gashin haske da wuƙar likita. Abin da ya sa wannan magana take tayar mini da hankali shi ne akwai ɗan gutsuren gaskiya a cikinta, an kuwa yi binciken, kuma da wannan gutsure ake jan mara lafiya a ɓata masa watannin da rayuwarsa ta rataya a kansu. Don haka ya wajaba a zauna a rarrabe abin da masana suka gani da idonsu, da abin da aka ɗora musu a baki.

Gaskiyar da ke ciki ita ce, Allah Maɗaukakin Sarki ya zaunar da wata al'umma ta ƙananan halittu a cikin babban hanjin kowane ɗan Adam, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, kuma mafi rinjayensu masu hidima ne ga jikin da suke zaune a ciki. A shekarar 2016 wasu masana na Cibiyar Weizmann suka ƙiyasta adadinsu a jikin baligi da kimanin tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin jikin mutum shi kansa ba su wuce kimanin tiriliyan 30 ba, nauyinsu baki ɗaya kuwa wajen giram 200 ne. Su ne ke karɓar abin da tumbi da ƙaramin hanji suka kasa narkarwa, wato dusar hatsi da harzar ganye da ɓawon wake, su sarrafa shi su fitar da wasu sinadarai, mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira butiret, wanda shi ne babban abincin bangon hanji, yana kuma kwantar da kumburi. Ban da wannan, tun mutum yana jariri suke horar da garkuwar jikinsa ta san abin da za ta yaƙa da abin da za ta ƙyale.

To, ina alaƙarsu da dajin dubura? Sai an fara sanin wata mas'ala da ta daɗe tana damun likitoci. Wurin da ake magana a kansa shi ne ƙarshen babban hanji, tsawon santimita 12 zuwa 15 kafin mafita, wuri mai ƙunci a cikin ƙugu, kusa da mafitsara da jijiyoyin da ke riƙe bahaya da fitsari da sha'anin iyali, inda wuƙa ba ta da sararin yin kuskure. Saboda haka idan ƙarin ya riga ya kafu ya fara cin bangon hanji, ba a cika fara masa da tiyata ba. Sai a yi wa mara lafiya gashi da haske na tsawon mako biyar zuwa shida, kullum ban da ranakun hutu, haɗe da maganin daji, sannan a dakata wasu makonni a ga yadda ƙarin ya yi, kana a yanke. Abin mamaki a nan shi ne, za a sami mutum biyu, shekarunsu ɗaya, girman ƙarinsu ɗaya, injin da ya gasa su ɗaya, maganin da suka sha ɗaya, amma in aka buɗe sai a tarar na ɗaya ya narke ƙarƙaf ba ko alama, na ɗayan kuwa yana nan kamar ba a taɓa shi ba. Waɗanda nasu ke narkewa ɗungum ba su cika wuce mutum ɗaya cikin biyar ko shida ba. A shekarar 2004 wata likitar tiyata a birnin Sao Paulo na Birazil, Angelita Habr-Gama, ta nuna cewa irin waɗannan ana iya barinsu ba tiyata, a dinga sa musu ido kawai, su tsira da duburarsu, ba a huda musu gefen ciki an rataya musu jakar bahaya ba. Tun daga nan tambaya ta zama ɗaya a bakin kowane likitan daji: shin akwai wata alama da za a duba tun kafin a fara, a san wanda gashi zai yi wa amfani, a kuma san wanda zai sha wuyarsa a banza, don a canza masa hanya tun da wuri?

Neman wannan alama ne ya kai masana ga bahaya. A ƙarshen 2011 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Kanada, kowace da nata binciken, suka tarar da wata ƙwaya mai suna Fusobakteriya, wadda asalin mazauninta baki ne da dasashi, ta yi dandazo a cikin ƙarin dajin hanji fiye da naman lafiya da ke gefensa. A 2017 masana a Shanghai na ƙasar Sin suka nuna cewa wannan ƙwaya tana taimaka wa ƙwayoyin daji su jure wa magani, a wannan shekarar kuma wasu a Boston suka same ta har a cikin hantar waɗanda dajinsu ya yaɗu, ta bi shi ta yi ƙaura tare da shi. A 2020 likitocin asibitin Vall d'Hebron da ke Barcelona ta Sifaniya suka bi diddigin masu dajin dubura 143, suka ga cewa gashi yana rage wannan ƙwaya ƙwarai a jikin ƙarin, amma waɗanda ta ƙi barin nasu bayan an gama, haɗarin dawowar ciwonsu ya ninka sau da dama, kuma sojojin garkuwar jiki ba su shiga ƙarinsu kamar yadda suka shiga na sauran ba.

Binciken da ya fi kusa da tambayar da muka yi shi ne na Jami'ar Fudan da ke Shanghai, wanda aka buga a 2021. Sun karɓi bahayar marasa lafiya 84 kafin gashi da bayansa, suka karanta irin ƙwayoyin da ke ciki, sai suka tarar waɗanda magani ya karɓe su cikinsu ya fi yawan ƙwayoyin nan masu yin butiret, irin su Rozburiya, waɗanda bai karɓe su ba kuwa Fusobakteriya da wasu dangogi sun fi yawa a nasu. Daga nan suka zaɓi alamomi goma suka haɗa ma'aunin hasashe. A ma'aunin da 100 ke nufin dacewa cikakkiya, 50 kuma ke nufin kirdado tsagwaronsa, ya sami kusan 94 a kan mutanen da aka gina shi da su, amma da aka gwada shi a kan wasu daban sai ya sauko kusan 74. Mai karatu ya riƙe wannan saukowa da kyau, domin a cikinta amanar ilimi take: alama ce mai fa'ida, ta fi kirdado nesa, amma ba ta kai matsayin da likita zai dogara da ita ya fasa yi wa mutum tiyata ko ya hana shi gashi ba. A 2023 wasu masana a Beijing suka ƙara da cewa wata ƙwaya daga dangin Bakteroyidis tana samar wa ƙarin kayan da yake gyara kansa da su bayan haske ya raunata shi. Ga iyakar inda ilimin ya tsaya a taƙaice: zato ne mai ƙarfi wanda hujjoji ke taruwa a bayansa, bai zama yaƙini ba tukuna, kuma gwajin bahaya don wannan manufa bai shiga ƙa'idar jinya da likitoci ke bi ba, yana ɗakin bincike.

A nan ne mai lasifika ya yi tsalle ya tsallake rami mai faɗi, kuma duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanci usulu ya san ramin, domin malamanmu sun daɗe da rarrabe alama da illa: alama tana nuna abu, illa ita ke haifar da shi. Manomin Kuyello ko Dogon Dawa ya fi kowa sanin wannan a gonarsa. In ya je duba saurar da aka daɗe ba a noma ba ya tarar gamba ta yi tsayi ta yi duhu, sai ya ce ƙasar nan ta huta, za ta yi dawa. Amma ba zai taɓa zuwa ya ciro gamba ya dasa a gonar da ta gaji ba yana tsammanin dame ɗari a bana, domin ya san gamba shaida ce kawai ta bayar. In kuma ya ga ƙuduji ya yi jan fure a gindin dawarsa, ya san abu biyu ne suka haɗu, ƙasa ta gaji, shi ƙudujin kuma ɓarawo ne da ke tsotson saiwa a ƙarƙashi. Masana a yau suna tsaye ne a bakin gonar hanji suna ƙoƙarin gane wace ƙwaya ce gamba, wace ce ƙuduji, kuma ba su gama ba, domin mai yiwuwa ne ƙarin da ya riga ya yi tsanani, yana zubar da jini yana toshe hanya, shi ne ya sauya ƙwayoyin, ba su suka sa shi tsanani ba. Shi kuwa mai cewa a wanke ciki a sha kafso, misalinsa misalin wanda ya ga ƙuduji a kunya uku ne, ya ɗauko maganin feshi ya bi gona duka, dawa da wake da kuɓewar gefe, ya ƙone su, alhali irin ƙudujin yana kwance cikin ƙasa yana jiran damina.

Asalin maganar Flagyl kuwa sananne ne. Masanan Boston da muka ambata sun dasa ƙarin ɗan Adam a jikin ɓeraye, suka ba su wannan magani, Fusobakteriya ta ragu, girman ƙarin ya yi jinkiri. Jinkiri aka gani, a jikin ɓera, a ɗakin gwaji. Ba a ce ƙari ya warke ba, ba a kuma ce mutum ya je kemis ya saya ba. Wanda ya daɗe yana shan wannan magani ba bisa ƙa'ida ba yana iya gamuwa da mutuwar jijiyoyin tafin ƙafa da hannu, su dinga yi masa zugi da dindiris. Mu kuwa mun riga mun mai da magungunan kashe ƙwayoyin cuta kamar goro. Ka tsaya a bakin kowane kemis na bakin tasha da magariba, za ka ga magidanci ya miƙa kuɗi ya ce, "Malam, ba ni ja-da-rawaya guda huɗu, cikina ke juyawa," yaron shago ya sa almakashi ya yanko masa daga jikin kati, ya haɗa masa da Flagyl biyu a ƙullin leda, ba tambaya ba takarda, ya kora da ruwan leda a nan tsaye. A 2018 masana a Kopenhagen ta Denmak suka ba wa samari lafiyayyu 12 haɗin irin waɗannan magunguna masu ƙarfi na kwana huɗu kacal, suka bi cikinsu har wata shida. Yawancin ƙwayoyin sun dawo, amma wasu nau'o'i tara da kowa ke da su tun farko ba a sake ganinsu a cikin mafi yawansu ba. A wannan shekarar kuma likitocin cibiyar Gustave Roussy ta Faransa suka bayyana cewa masu dajin huhu da na ƙoda da suka sha irin waɗannan magunguna dab da fara sabon maganin nan mai tayar da garkuwar jiki, amfanin da suka samu ya gaza na waɗanda ba su sha ba. Ashe ke nan in akwai darasin da wannan ilimi ya koyar a fili, kishiyar abin da ake shela a kasuwa ne: a bar wa hanji jama'arsa, kada a sha maganin kashe ƙwayoyi sai likita ya ga larura, in ya rubuta kuma a sha yadda ya ce.

Kindirmo abinci ne mai albarka, ba ni da ja a kan wannan, kuma wanda ya samu mai tsabta daga madarar da aka dafa ya sha abinsa. Amma tsakanin abinci mai kyau da maganin daji akwai tafiya mai nisa. Har su ƙwayoyin da kamfanoni ke ɗurawa a kafso suna sayarwa da tsada da sunan gyaran ciki, wani bincike na cibiyar MD Anderson ta Amurka a 2021, a kan masu dajin fata, bai ga sun ƙara wa marasa lafiya komai ba, a jikin ɓeraye ma sai suka rage ƙarfin magani; waɗanda aka ga sun fi cin moriya su ne masu cin abinci mai yawan harza ba tare da wannan kafso ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ya sa mu yi taka-tsantsan fiye da kowa, wato duk waɗannan ma'aunai an gina su ne da cikin mutanen Sin da Turai da Amurka, cikinmu kuwa daban yake. A 2010 masana daga Italiya suka kwatanta yaran wani ƙauye mai suna Bulpon a Burkina Faso, waɗanda abincinsu gero ne da dawa da wake da ganye, kamar dai na yaran ƙauyukanmu, da yaran birnin Florence, sai suka tarar cikin yaran Afirka ya cika da wata ƙwaya mai suna Firebotela, gwanar narkar da harza, wadda kusan babu ita a cikin yaran Turai, kuma sinadaran nan masu amfani sun fi yawa a bahayarsu. Shi kansa ciwon ma kamanninsa a nan sun bambanta. Farfesa Olusegun Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da abokan aikinsa na asibitin Memorial Sloan Kettering na New York, sun buga a 2021 cewa masu dajin hanji a Nijeriya sun fi na Amurka ƙuruciya, kusan rabinsu a dubura ciwon yake, kuma kaso mai yawa ba sa isa asibiti sai ya riga ya yaɗu. Sun kuma tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarin da suka auna yana ɗauke da wata tawaya ta gyaran ƙwayar halitta, wadda ba ta kai haka yawa a Amurka ba. Wannan tawaya kuwa ita ce alamar da ta riga ta tabbata, domin a 2022 likitocin wancan asibiti na New York suka ba wa masu dajin dubura 12 da ke da ita wani maganin garkuwa mai suna dostarlimab na wata shida, ƙarin ya ɓace a jikinsu duka, ba gashi ba wuƙa. Wato maganin da watakila mu ne muka fi kowa dacewa da shi, shi ne wanda tsadarsa ta fi ƙarfin talakanmu nesa ba kusa ba, gwajin gano masu dacewa da shi ma ba a ko'ina ake yi ba. Wannan abin baƙin ciki ne, kuma abin da ya kamata jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato su ɗaura ɗamara a kansa, domin ba wanda zai zo daga Shanghai ya auna mana cikin mai cin tuwon dawa da miyar kuka.

Game da abinci, ni'imar tana hannunmu, muna sakinta da kanmu. Likita Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, tun a farkon shekarun 1970 ya ja hankalin duniya cewa ƙarancin dajin hanji a ƙauyukan Afirka yana da nasaba da yawan harzar abincinsu. A 2015 aka jarraba maganar: Amurkawa baƙaƙen fata 20 a Pittsburgh da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 suka yi musayar abinci na mako biyu, sai butiret ya ƙaru a cikin Amurkawan, kumburin bangon hanjinsu ya ragu, na mutanen karkaran kuwa ya juya ta ɗaya fuskar. Mako biyu tak. Shekarun tashin hankali sun raba dubban mutanenmu da gonakinsu da rumbunansu, suka tattaru a cikin gari, inda abin da ya fi sauƙin samu shi ne farin burodi da taliyar leda da lemon kwalba. Mu da muke da hali kuma mun ɗauki surfe masara har ta yi fari fat a matsayin wayewa, mu ci farin gari, mu zuba wa awaki dusar. Zogale da rama da yakuwa da lalo da kuka da wake da daddawa da furar gero ba za su narkar da ƙarin da ya riga ya fito ba, kada wani ya fahimce ni a haka, amma su ne abincin waɗannan ƙwayoyi da aka gani a cikin waɗanda magani ya karɓa, kuma ba su fi ƙarfin kowa ba.

Sai dai duk wannan bayani, da na Fudan da na Barcelona, yana magana ne a kan mutumin da ya isa asibiti ciwonsa bai wuce gyara ba, kuma a nan ne tamu musibar take, sunanta basir. Basir ciwo ne na gaske, ya kuma daɗe tare da mu, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta risala ta musamman a kan magungunansa; mafi yawan jinin da ake gani a bayan gida kuwa lalle basir ne, ko tsagewar dubura, ko atini. Amma mun mai da wannan suna bargo da muke lulluɓe kowace irin cuta ta wannan wuri da shi. Uwargida za ta lura da jini a wandon maigida wajen wanki, ta yi ta maza ta ce, "Malam, jinin nan fa ya ƙi tsayawa, ga shi duk ka zube," shi kuwa ya amsa da cewa basir ne, gadon gidansu ne, mahaifinsa ma da shi ya rayu. Daga nan sai jiƙo, sai hayaƙi, sai garin sha da kunu, wannan mai magani ya sallame shi wancan ya karɓa, wata shida, shekara, har ranar da bahaya ta ƙi fita ciki ya kumbura aka ɗauke shi ranga-ranga. Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta 2022 ta nuna dajin hanji da dubura ya kama mutum kusan miliyan 1.9 a duniya, ya kashe kimanin 900,000. A Nijeriya an ƙiyasta sabbin kamu kimanin 8,000 a shekarar, waɗanda suka rasu kuma sun doshi 6,000. Kusancin waɗannan adadi biyu na ƙasarmu shi ne hoton zuwa a makare.

Alamomin da ke raba wannan ciwo da basir ba ɓoyayyu ba ne. Jinin da ya cuɗanya da bahaya ko ya zo da majina, sauyin yanayin fita da ya wuce makonni, yau gudawa gobe taurin ciki, bahaya ta sirance, mutum ya dinga jin bai gama ba ya koma ya yi ta yunƙuri ba abin da ke fita, ga rama ba dalili, ga fari da kasala na ƙarancin jini: duk wanda ya haɗa jini da ɗaya daga cikin waɗannan, musamman in ya haura arba'in, ko wani a gidansu ya taɓa yin dajin hanji, ya wajaba likita ya duba shi. Su Farfesa Alatise ma sun nuna a marasa lafiyarmu na nan gida cewa jini in ya haɗu da rama da sauyin bahaya, zaton daji yana ƙaruwa ƙwarai. Duban farko kuwa ba ya bukatar inji ko lantarki, safar hannu ce da yatsan likita da minti biyu, kuma da yawan ƙarin dubura yatsa yana isa gare shi; bayan nan ne ake tura mutum a leƙa hanjin da na'ura a ɗebi ɗan nama a auna.

Na san abin da ke hana mutane, kunya ce, kuma kunya ɗabi'a ce ta mumini wadda ba na so a raina. Amma fukaha'u ba su yi saɓani ba cewa larurar magani tana halatta wa likita duban al'aura gwargwadon bukata, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Haka nan tsoron jakar bahaya, wanda ke sa wasu su gudu daga asibiti bayan an gaya musu sakamako, suna cewa gara mutuwa da a hana su salla: malamai sun ba mai irin wannan jaka hukuncin mai uzuri, yana alwalarsa yana sallarsa, kuma sau da yawa jakar ta wucin gadi ce, wanda ya zo da wuri ma ya fi kowa damar kauce mata. Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan a kan mumbari da harshen da ya dace, domin kalma ɗaya daga bakinsu ta fi takardar likita goma shiga kunnen dattijo.

Ragowar nauyin yana wuyan hukuma. Mutumin Randagi ko Kakangi da aka ce yana bukatar gashi, sai ya fara isowa cikin gari, ya kama hanyar Buruku ta kimanin kilomita 120 zuwa Kaduna, ko ya bi ta Funtuwa, kafin ya kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya nemi masauki da abinci na mako shida shi da mai jinyarsa; shekarun da hanyar nan ta zama sai da rakiyar sojoji, Allah kaɗai ya san adadin waɗanda suka haƙura suka zauna a gida da abin da suke kira basir. Injinan gashi a ƙasar nan ba su kai ko kusa da bukata ba, labarin tsayawarsu kuma ba baƙo ba ne a jaridu, alhali gashin da aka katse a tsakiya amfaninsa raguwa yake yi. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, wanda Shika ke cikin asibitocinsa na farko, an buɗe shi ne da dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, mai dajin dubura bai samu shiga wannan sahu na farko ba. Ga kuma masu lasifika suna alkawarin warkar da daji a bainar jama'a, ga kemis na sayar da maganin da doka ta ce sai da takardar likita, ba mai ce musu kanzil.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin jiha da ƙaramar hukuma ba. A horar da ma'aikatan asibitin Jibril Mai Gwari da na ƙananan asibitocin gundumomi cewa duk baligin da ya zo da jini a bahaya a duba shi da yatsa kafin a rubuta masa maganin basir. A sa rana a wata da likitan tiyata zai zo da na'urar leƙa hanji, ko a shirya motar da za ta kai waɗanda aka tantance Kaduna. A kuma tsawata wa masu shelar warkar da daji a kasuwa. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in kai ne ke ganin jinin nan, ko mahaifinka, ko maiɗakinka, kuma ya wuce mako uku yana dawowa, ka ajiye kwalbar jiƙon, ka nufi asibiti a wannan makon, ka buɗe baki ka gaya wa likita abin da kake gani ba tare da sakaya ba, ka ce masa ya duba.